Yadda Ake Gano Alƙibla da Kamfas, Mataki-Mataki

Allurar kamfas abu ɗaya ta sani, shi ne arewa. Ba ta san Makka ba, ba ta san garin da kake ba. Saboda haka aikin gano alƙibla rabawa ake yi: kai ne za ka zo da lambar alƙiblar wurin da kake, kamfas kuma ya ba ka arewar da za ka fara ƙirga lambar daga gare ta. In lambar daidai ce, arewar ma daidai ce, alƙibla ta fito. In ɗaya ta goce, sai mutum ya shimfiɗa sallaya yana kallon wani wuri dabam, hankalinsa kwance, don yana ganin ai da kamfas ya auna.

Aikin ya cancanci a yi shi da kyau, domin fuskantar alƙibla sharaɗi ne na ingancin salla ga wanda yake da iko. A Suratul Baƙara, aya ta 144, Allah Ya umarci Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya juyar da fuskarsa wajen Masallaci Mai Alfarma, mu ma duk inda muke mu juyar da fuskokinmu wajensa. Kafin saukar ayar an yi wata 16 ko 17 a Madina ana kallon Baitul Muƙaddas. Kuma amfani da allurar maganaɗisu wajen cika wannan umarni ba yau aka fara ba. Tun ƙarshen ƙarni na 13 Sarkin Yaman Al-Ashraf Umar ya yi bayanin yadda ake sa allura ta yi iyo a tasar ruwa don a gano alƙibla da ita.

Fara da sanin kamfas ɗinka

Fuskar kamfas da'ira ce da aka raba digiri 360. Arewa tana kan 0, da harafin N. Gabas 90, da E. Kudu 180, da S. Yamma 270, da W. Ƙirgan ta hannun dama yake zagawa, yadda hannun agogo ke tafiya. Bakin allurar da aka shafa wa ja shi ne mai nuna arewa a mafi yawan kamfas.

Wanda ya fi dacewa da wannan aiki shi ne irin na masu tafiyar daji: faifan roba garai-garai mai miƙaƙƙen gefe, da kibiya zane a kansa tana nuna gaba, da zoben lambobi mai juyawa, allurar kuma tana cikin ruwa don kada ta yi ta rawa. 'Yan ƙananan da ake maƙalawa a jikin mukulli ko a bakin sallaya suna raba maka gabas da yamma, amma ban yarda a kafa wurin salla na dindindin da su ba.

Kafin ka amince da shi, gwada shi. Ajiye shi a wuri mai shafe, ka lura da lambar da allura ta tsaya a kai. Kawo mukulli kusa har allurar ta bi shi, sannan ka janye. Lafiyayyiyar allura za ta koma daidai inda take. In ta tsaya a wani wuri dabam, ko sai ka ɗan ƙwanƙwasa take motsi, gindinta ya lalace. Babban kumfa a cikin ruwan ma yana ture allura. Akwai kuma cutar da ta fi waɗannan sharri: kamfas ɗin da ya daɗe a jaka ɗaya da waya ko lasifika allurarsa tana iya juyewa gaba ɗaya, jan bakin ya koma nuna kudu. Gane wannan ba wuya. Da safe ka fuskanci wajen da rana ta fito, jan bakin ya kamata ya karkata hagunka. In dama ya yi, kamfas ɗin ya tashi daga aiki.

Mataki na farko: samo lambar alƙiblar wurinka

Lambar alƙibla ita ce yawan digirin da za ka juya ta dama daga arewa kafin ka fuskanci Ka'aba. Kowane gari da tasa. Ka'aba tana kan digiri 21.42 arewa da layin tsakiyar duniya, da digiri 39.83 gabas da layin Girinwich da ya ratsa Landan, kuma daga nan ake lissafin kowa. Ta Alƙahira kimanin 136 ce, ta Landan 119, ta Dakar 74, ta Nairobi 7, ta Cape Town 23, ta Jakarta 295, ta Sidni kusan 278, ta New York kuwa 58 da rabi.

Wannan ta ƙarshen takan ba mutane mamaki. A shimfiɗaɗɗiyar taswira Makka tana kudu maso gabas da New York, to me ya kawo arewa maso gabas? Dalili shi ne duniya dunƙulalliya ce, taswirar bango kuwa an baje ta ne, kuma bajewar tana karkatar da hanyoyi masu nisa. Samu ƙwallon taswirar duniya, ka danne bakin zare a kan New York, ka ja ɗaya bakin zuwa Makka har zaren ya yi tsam. Za ka ga ya tashi ta arewa maso gabas, ya ƙetare Tekun Atlantika ya bi ta Turai, sannan ya gangaro. Wannan gajeriyar hanya ita ake lissafin alƙibla a kanta, shi ya sa babban masallacin Washington da aka gina a shekarun 1950 yake kallon arewa maso gabas. Kada ka taɓa ɗora rula a kan taswirar bango ka ce ka samo lambarka.

Haka kuma kada ka wadatu da abin da aka saba faɗa, wai alƙibla gabas take ko yamma take. A 2010 majalisar malaman Indonesiya ta fitar da fatawa cewa alƙiblar ƙasar yamma ce, a cikin shekarar kuma ta gyara ta ce arewa maso yamma ce. Tsakanin 270 da 295 akwai digiri 25, kuma wanda ya miƙe yamma sak daga Jakarta gabashin Afirka zai faɗa.

Hanya mafi sauƙi ta samun lambar ita ce shafukan intanet da manhajojin lissafin alƙibla. Ka sa sunan garinka ko ka bar wayar ta gano inda kake, sai ta ba ka lamba. Duba wuri biyu dabam-dabam, in sun yi daidai ka rubuta a takarda. Abu ɗaya za ka tabbatar: lambar daga arewa ta gaskiya aka ƙirga ta, ko daga arewar maganaɗisu? Galibi ta gaskiya ce, kuma mataki na gaba a kan wannan ya rataya.

Mai son ya lissafa da kansa yana iya yi da kalkuleta mai sin, cos da tan. Cire longitud ɗin garinka, wato digirinsa gabas ko yamma da layin Girinwich, daga 39.83, ka kira sakamakon D, ka tuna longitud ɗin yamma da latitud ɗin kudu da alamar ragi ake rubuta su. Latitud ɗinka, wato digirinka arewa ko kudu da layin tsakiyar duniya, ka kira shi L. Lambar sama ita ce sin D. Lambar ƙasa ita ce cos L sau 0.3923, a cire sin L sau cos D. Raba ta sama da ta ƙasa, ka nemi kusurwar da tan ɗinta ya ba da wannan amsa. In lambar ƙasa ta fito da ragi ka ƙara 180, in kuma amsar ƙarshe ta zo ƙasa da sifili ka ƙara 360. A Landan D ya kusa 39.95, ta sama 0.642, ta ƙasa ragin 0.356, kusurwar ragin 61, a ƙara 180 a samu 119.

Wanda yake nesa da Makka, lambar garinsa tana yi masa aiki a duk unguwannin garin har da ƙauyukan gefe. Wanda yake kusa kuwa, kamar mazaunin Jidda ko Ɗa'if, tafiyar 'yan kilomitoci tana canza lambar, sai ya nemi ta daidai inda yake tsaye.

Mataki na biyu: gyara ratar arewa biyu

A nan mafi yawan mutane suke tuntuɓe, don ba su ma san akwai wannan mataki ba. Arewa biyu ce. Akwai ta gaskiya, ƙoƙuwar da duniya ke juyawa a kanta, ita ce ta taswira kuma daga ita aka ƙirga lambar da ka rubuta. Akwai ta maganaɗisu, wadda allura ke bi. Ita wannan ba a zaune take ba. Ta daɗe a arewacin Kanada, a 'yan shekarun nan kuma tana ta matsawa wajen Siberiya. Ratar da ke tsakanin inda allura ta nuna da arewa ta gaskiya ita ake kira karkatar maganaɗisu, tana bambanta daga gari zuwa gari, tana kuma sauyawa a hankali shekara bayan shekara.

A wasu wurare ratar ba ta taka kara ta karya ba. A Landan da Jakarta yanzu kusan digiri ɗaya ce ko ƙasa da haka. A New York allura tana karkata yamma da digiri 12 zuwa 13. A Sidni tana karkata gabas da kusan 13. A Cape Town karkatar ta haura digiri 25 zuwa yamma, ta fi lambar alƙiblar garin kanta yawa. Mutumin Cape Town da ya tsallake wannan mataki ya sa kamfas a 23, kusan arewa sak zai kalla.

Hukumar NOAA ta Amurka da hukumar binciken ƙasa ta Birtaniya su ke fitar da lissafin maganaɗisun duniya, suna sabunta shi duk shekara biyar, kuma suna da shafukan da za ka sa wurinka su ba ka karkatar wannan shekarar. Nemi ta bana. Wadda aka buga a gindin tsohuwar taswira ta tsufa tare da taswirar.

Ƙa'idar gajeriya ce. In karkatar ta yamma ce, ƙara ta a kan lambar alƙibla. In ta gabas ce, cire ta. A New York, 58 da rabi a ƙara 12 da rabi, lambar da za ka nema a kamfas 71 ce. A Sidni, 278 a cire 13, ya zama 265. In ka manta wace ake ƙarawa, yi tunanin abin da idonka zai gani: allurar da ta karkata yamma ta koma hagun arewa ta gaskiya, ke nan tazarar da ke tsakaninta da alƙibla ta hannun dama ta ƙaru. Wannan sabuwar lamba ita ce lambar kamfas ɗinka. Rubuta ta kusa da ta farko, ka sa wa kowace suna don kada su cakuɗe maka nan gaba. Wasu kamfas masu tsada suna da ɗan sukurun da ake saita karkatar a jikinsu. In ka saita shi, da lambar farko za ka yi aiki, kada ka yi gyaran sau biyu.

Mataki na uku: zaɓi wurin da ƙarfe ba zai ruɗi allura ba

Maganaɗisun duniya rarrauna ne. Duk wani ƙarfe ko wutar lantarki da ke kusa yana iya rinjayarsa. Fara da jikinka: waya, agogo, mukullai, kan bel, abin sauraro na kunne, maɓallin jaka mai maganaɗisu, duk ka ajiye su gefe, taku biyu ko uku. Sannan ka dubi abin da ke kewaye da kai. Firiji, talabijin, lasifika, injin wuta, ƙofar ƙarfe, gadon ƙarfe, teburin da aka haɗa da ƙusoshi, mota, taransifoma, manyan wayoyin wuta, kowannensu yana jan allura. Mota ka ba ta aƙalla taku goma sha biyar, manyan turakun wuta fiye da haka.

Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne rodin da ke cikin siminti. A gidan bene rodi yana ƙarƙashin ƙafarka, yana saman kanka, yana cikin ginshiƙai. Ajiye kamfas a daɓen irin wannan ɗaki, ka ja shi a hankali daga wannan kusurwa zuwa waccan, kana kallo allura za ta riƙa lilo, a wani wurin da digiri goma ko fiye. Shi ya sa mutum biyu suke aunawa a ɗaki ɗaya kowa ya samu tasa alƙiblar, har a kai ga musu. In akwai hali, fita fili. In babu, tsaya a tsakiyar ɗakin, nesa da ginshiƙai, ka riƙe kamfas a daidai cibiya, kada ka ajiye shi a ƙasa.

Gwajin wuri mai sauƙi ne. Zaɓi wani abu mai nisa, bishiya ko hasumiya, ka karanta lambarsa a kamfas. Yi taku biyar zuwa gare shi a miƙe ka sake karantawa, ka ƙara biyar ka sake. In lambar ba ta canza ba, wurin lafiya lau. In tana tsalle, akwai abin da ke jan allura, ko bututu a ƙarƙashin ƙasa ko dutse mai tama, sai ka matsa.

Mataki na huɗu: karanta alƙiblar

Juya zoben lambobi har lambar kamfas ɗinka, mu ce 71, ta zo daidai kan ɗan layin da ke gindin kibiyar gaba. Daga nan kada ka sake taɓa zoben. Ɗora kamfas a tafin hannu a shafe, a gaban cikinka, kibiyar tana nuna gabanka sak. Karkacewar hannu kaɗan tana sa allura ta goga gilashi ta maƙale, don haka ka ga tana yawo sakayau. Wanda ya sayi kamfas a arewacin duniya ya tafi da shi can kudu, ko akasin haka, zai iya ganin baki ɗaya na allurar yana nutsewa ƙasa, saboda yawancinsu an daidaita nauyin allurarsu ne don yankin da za a sayar da su.

Yanzu ka juya da dukan jikinka, ƙafafu da kafaɗu tare, kada ka murɗa hannu kawai. Ci gaba da juyawa har jan bakin allura ya hau kan N na zoben. Dakata ta natsu. Dubi allurar daga sama tsaye, domin kallon gefe yana ƙara ko rage digiri biyu. Inda kibiyar gaba ta nuna, nan ce alƙibla, kuma tunda kibiyar gabanka take kallo, kai ma ita kake fuskanta.

In kamfas ɗinka ba shi da zobe mai juyawa, juya shi kansa har jan bakin ya hau N, sannan ka nemi lambarka a da'irar. Layin da ya taso daga tsakiyar kamfas ya ratsa ta kan lambar shi ne alƙibla.

Ɗaga kai ka nemi wani tsayayyen abu da ya yi daidai da kibiyar. Maimaita aunawar sau biyu a wurare masu ɗan tazara. In sakamakon ya bambanta da digiri ɗaya ko biyu, ɗauki na tsakiya. In ya kai biyar ko goma, koma mataki na uku.

Mataki na biyar: shigar da layin cikin ɗaki

Matafiyin da zai yi salla ɗaya ya wuce, aikinsa ya ƙare a nan. Mai gida ko mai gyara wurin salla a wajen aiki yana bukatar layin da zai zauna, kuma tunda ɗakin ba abin yarda ba ne wajen maganaɗisu, dabarar ita ce a auna bangon daga waje, a shigo da lissafin da tef ɗin awo.

Fita ka tsaya a ƙarshen bangon da tsawonsa ya fi kusa da miƙewa wajen alƙibla, ka ja baya taku da yawa, ka saita idonka har bangon ya zame maka siririn layi ɗaya. Nuna shi da kibiyar kamfas, ka juya zobe har N ya zo ƙarƙashin jan bakin, ka karanta lambar. A ce ka samu 80, lambar alƙiblarka ta kamfas kuma 71. Bambancin 9 ne. Tunda lambar alƙibla ta fi ƙanƙanta, tana hagun layin bangon. Da ta fi girma, da dama take.

Digiri ɗaya yana daidai da gocewar kusan santimita 1.75 a tsawon mita ɗaya. Digiri 5 santimita 9 ne, digiri 10 kusan 18, digiri 15 kusan 27, digiri 20 kuma 36, digiri 30 kusan 58, digiri 45 mita ɗaya cur. Digiri 9 ɗinmu santimita 16 ne a mita ɗaya, 32 a mita biyu. To shiga ɗakin, ka sa ɗigo a daɓe, rabin mita daga bangon. Auna mita biyu gaba, ta fuskar da ka nuna bangon da kibiya, ka sa ɗigo na biyu, shi ma rabin mita daga bangon. Daga na biyun ka matsa santimita 32 hagu, ka sa na uku. Ja zare daga ɗigo na farko zuwa na uku, ka bi shi da salatif ko fenti. Gefen sallayarka a kan wannan layi zai kwanta.

In sahu za a ja, shi yana gicciye layin alƙibla ne a kusurwa madaidaiciya. Magina suna fitar da ita da awon uku, huɗu, biyar: mita 3 a kan layin alƙibla, mita 4 a gicciye, sai a gyara har tsakanin bakunan biyu ya zama mita 5.

Waya, da kamfas mai ɗan littafi

A cikin waya akwai ɗan abin da ke jin maganaɗisu, kuma duk abin da ke ruɗin allura yana ruɗinsa, har ma ya fi. Cire rigar wayar in tana da maganaɗisu, ka kunna gano wuri, ka kaɗa wayar a iska kamar kana zana lamba 8 sau da yawa don ta daidaita kanta, sannan ka riƙe ta a shafe. Mafi yawan manhajojin alƙibla suna gyara karkatar da kansu, kada ka ƙara musu naka gyaran. Manhajar kamfas zalla kuwa, duba saitinta ka ga wace arewa take nunawa. A ganina amfanin waya na gaske shi ne ba ka lamba. Nuna hanya kuwa, kibiyarta na iya sauya ra'ayi tsakanin Azahar da La'asar a ɗaki ɗaya.

Kamfas ɗin alƙibla da ake sayarwa da ɗan littafin garuruwa tsarinsa dabam ne. Da'irarsa sau da yawa kashi 40 ce ko 400, kowane gari da lambarsa a littafin. Za ka juya shi har jan bakin allura ya hau lambar garinka, sai hoton hasumiya ko kibiyar da ke jikinsa ta nuna alƙibla. Lambobin littafin ba digiri ba ne, kada ka kai su kan kamfas na 360. Ka kuma sani, a mai kashi 40 kowane gida ɗaya digiri 9 ne, kuma karkatar da aka yi lissafin da ita ta shekarar da aka buga littafin ce.

Tabbatar da aikinka da rana

Rana ba ta jin ƙarfe, don haka ita ce shaidar da za ta gaskata kamfas ko ta ƙaryata shi. Sau biyu a shekara takan tsaya daidai saman Ka'aba: ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 agogon Makka, wato 9:18 agogon GMT, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 12:27 agogon Makka, 9:27 GMT. A wannan minti, duk wanda yake ganin rana, inda take nan ne alƙiblarsa. Kada ka kalle ta da ido. Rataya zare mai ɗan dutse a ƙasansa a kan shafaffen daɓe, ka jira ya daina lilo, lokacin na cika ka zana layin inuwarsa. Daga bakin inuwar zuwa gindin zaren, wato wajen rana, shi ne alƙibla. Zaren ya fi sanda, don nauyin dutsen yana tsayar da shi sak. Saita agogonka tun da wuri. Kwana ɗaya kafin ranar ko bayanta ma sakamakon bai cika bambanta ba, in gajimare ya hana.

Wannan yana yi wa Afirka, Turai da mafi yawan Asiya. Inda dare ne a lokacin, kamar mafi yawan nahiyar Amurka da gabashin Ostireliya, suna da nasu ranakun, lokacin da rana ke saman wurin da ke bayan Ka'aba ta ɗaya gefen duniya: wajen 13 ga Janairu da misalin 21:30 GMT, da 28 ga Nuwamba da misalin 21:09 GMT. A nan inuwar ce da kanta take nuna alƙibla.

Wanda ba zai jira waɗannan ranaku ba, ga ta kullum. Kafa miƙaƙƙiyar sanda a shafaffen fili, ka zana da'ira kewaye da gindinta. Da hantsi, sa'ad da bakin inuwa ya taɓa da'irar, sa alama. Bayan rana ta karkata, sa'ad da ya sake taɓa ta, sa ta biyu. Alamar farko yamma ce, ta biyu gabas ce, layin da ya gicciye su kuma shi ne arewa da kudu na gaskiya. Ɗora gefen kamfas a kan wannan layi, ka ga da digiri nawa allura ta goce. In ya yi daidai da karkatar da ka samo a mataki na biyu, kamfas ɗinka da wurinka duka lafiyarsu ƙalau.

Iyakar abin da aka ɗora maka

Kuskuren digiri ɗaya yana zama kusan kilomita 17 a tazarar kilomita 1,000, kamfas na hannu kuwa in ya yi ƙoƙari yana cikin digiri biyu zuwa uku. Ke nan babu wanda zai saita jikin ɗakin Ka'aba daga nesa da shi, kuma shari'a ba ta nemi haka ba. Wanda yake ganin Ka'aba dole ya fuskanci ita kanta. Wanda yake nesa, mafi yawan malamai sun ce nahiyarta ce wajibinsa, suna kafa hujja da hadisin Abu Huraira da Tirmizi ya ruwaito, cewa abin da ke tsakanin gabas da yamma alƙibla ne. An faɗi wannan ne a Madina, inda alƙibla take kudu, kowane gari sai ya kwatanta da nasa. Gocewar digiri uku ko biyar ba ta taɓa sallarka, kada ka bar waswasi ya sa ka riƙa zaro kamfas kafin kowace kabbara.

Wanda ya yi iya ƙoƙarinsa, bayan sallama ya gane ya kuskure, Hanafiyya da Hanbaliyya sun ce babu ramuwa a kansa. Malikiyya sun so ya sake matuƙar lokacin sallar bai fita ba. A wajen Shafi'iyya, in ya tabbatar da kuskuren, zai sake. In a cikin sallar ya gane kuma gocewar kaɗan ce, sai ya gyara tsayuwa ya ci gaba, kamar yadda mutanen Ƙuba suka juya a cikin sallar Asuba da labarin sauya alƙibla ya riske su. In gocewar babba ce, Malikiyya sun ce mai gani ya yanke ya sake tada salla, wasu mazhabobin kuma sun ce ya juya ya ƙarasa.

Sai maganar masallaci, wadda nake roƙon a yi hattara da ita. In ka shiga masallacin da jama'a suka daɗe suna salla, bi mihrabinsa, ka tsaya a sahu yadda kowa ya tsaya. Kamfas ɗin da ka zaro a cikinsa yana tsakiyar rodi, lasifikoki, fankoki da wayoyin wuta, shi ya fi kusa da yin kuskure. In ka auna daga waje, ka gyara karkata, rana ma ta ba da shaida cewa gocewar babba ce, kai maganar wurin liman da dattawan masallacin a keɓe, ka nemi a taru a gwada tare ranar 28 ga Mayu ko 16 ga Yuli kowa ya ga inuwar da idonsa. Galibi ba sai an taɓa gini ba, layukan sahu da shimfiɗu ake gyarawa. Masu shirin sabon gini kuwa, kada su tsaya a kamfas na hannu. Su kira mai awon ƙasa ya fitar musu da layin daga arewa ta gaskiya kafin a haƙa harsashi.